Tafiyata Ibadan da Sunan 'Yar Fari

Tun da na dawo bakina bai huta ba. In je gidan suna tambaya, in zauna a ɗakin awo tambaya, har mai kayan miyan bakin kasuwar Gwarzo sai da ya tsayar da ni ya ce, "Sista Rabi, don Allah wai da gaske tuwonsu baƙi ne?" Abokan aikina kuwa sun fi kowa naci. Kowacce so take in ɗauko mata daga farko, in kuma na tsallake wani wuri sai wadda ta riga ta ji ta ce ai ban faɗi na daddawa ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya. Wadda ta sake tambayata sai in miƙa mata ta karanta, ni kuma in samu in sha ruwa.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni 'yar Lakwaya ce, aure ne ya kawo ni cikin Gwarzo. Hanyar da na bi ita ce wadda yawancinmu muka bi. Na gama sakandare da kiredit a Turanci da lissafi da darussan kimiyya guda uku, na yi shekara uku a makarantar koyon aikin nas, na ci jarabawar lasisi, na ƙara da karatun ungozoma. Daga nan aka tura ni wani asibiti a wajen Kabo, na yi shekara da shekaru ina bin hanya safe da yamma. Aikin ina son sa, amma akwai abin da ya daɗe yana ci mini rai. Sai an gama jiƙe-jiƙe da turare-turare a gida, yaro ya galabaita, sannan a kawo mana shi a kan babur. Mu da ke asibiti jira muke yi ciwo ya zo ya same mu. Ita kuwa nas ta lafiyar al'umma gida-gida take bi, ta duba ruwan da ake sha, da abin da yara ke ci, da wanda aka yi wa rigakafi da wanda aka tsallake, ta tari ciwon tun bai shigo ba. Karatu ne na ƙari da ake yi bayan an zama cikakkiyar nas, kuma shi na ƙwallafa rai a kai. Da Allah ya sa na samu gurbi, sai ya zamana a wata makaranta ce a Ibadan.

Hutun karatu a wurin aikinmu ba a ba mutum sau biyu. An gaya mini ƙarara: in na faɗi, zan dawo ɗakin haihuwa in ci gaba daga inda na tsaya, maganar zagaya ƙauyukanmu kuma in cire ta a raina. Malam, maigidana, bai yi mini gardama ba ko kaɗan. Cewa ya yi, "Ki je, amma ki dawo da abin da kika je nema, don ba zan ci tuwon Asabe a banza ba." Asabe ƙanwata ce, gidanta na jikin namu, ita za ta kula da yara da girki. Duk unguwa an san tuwonta ba ya rabo da gudaji.

Akwai abin da dole in faɗa tun yanzu, don a kansa labarin zai koma. Idan aka tambaye ni 'ya'yana nawa, uku nake cewa, alhali huɗu ne. Kakanninmu masu shanu ne, kuma ko da muka koma noma ba mu yar da kunyar ɗan fari ba. Ta farkon, tun da aka yaye ta, mahaifiyata Inna ta ɗauke ta zuwa Lakwaya. Ba na kiran sunanta, ba na yi mata magana kai tsaye a gaban mutane, in ta shigo ɗaki sai in sami abin da zan kalla a wani gefen. "'Yar Inna" nake ce mata, ko kuma "waccan". Haka Inna ta yi wa yayanmu, haka na taso na gani, kuma ban taɓa jin abin ya dame ni ba.

Ranar tafiya Inna ta aiko ta da dambun nama da yaji da kuka da ƙullin daddawa, ita ce kuma ta ɗauko mini jaka har tasha. Ta zama budurwa, tana ajin ƙarshe na sakandare, har ta ɗan fi ni tsawo. Da direba ya tayar da mota na dubi Asabe na ce, "Ki gaya wa waccan ta kula da ƙafar Inna, kada ta bar ta tana zuwa gona." Tana tsaye a gefen Asabe, babu abin da ba ta ji ba. Ta sunkuyar da kai ta ce wa Asabe, "Ki ce mata to." Sai Asabe ta leƙo ta taga ta raɗa mini, "Yaya, tun jiya take son in tambayar mata ke yadda ake shiga makarantar nas." Na ce in na dawo ma yi maganar. Mota ta ja.

A Kabo na hango kwanar da na saba sauka, a karon farko na wuce ta ina zaune. A nan ne na yarda da gaske tafiya zan yi.

A Kano na shiga doguwar mota, Allah ya haɗa ni kujera ɗaya da wani dattijo ɗan kasuwar goro, Alhaji Ɗanjuma. Ya ce tun kafin a haife ni yake bin wannan hanya, kuma ba tare da ya nemi shawarata ba ya naɗa kansa ubana na tafiya. Inda za a sauka a yi salla, shi zai faɗa. Abincin da zan saya, shi zai zaɓa. Na miƙa hannu zan sayi ƙwai dafaffe a Zariya ya ce, "A'a 'yata, mai doguwar tafiya ba ya wasa da cikinsa." Na ce, "Baba, ni fa nas ce." Ya ce, "A asibiti ba. Nan mota ce."

Mun wuce Kaduna da kaɗan rana ta take, wani ya jibga buhunsa a kan jakata, ƙullin daddawar Inna ya fashe. Kun dai san daddawar Lakwaya ba ta san ɓoyo ba. Aka fara waige-waige, ana toshe hanci, ni kuwa na ƙura wa taga ido kamar ban san zancen ba. Can sai wata Bayarabiya da ke bayanmu ta taɓa kafaɗata, ta ce da gurɓatacciyar Hausarta ko ni ce mai wannan ƙamshi. Ƙamshi fa ta ce! Ashe su ma suna da tasu, sai dai ba sa daka ta su mulmula kamar mu. Ta karɓi 'yar kaɗan ta shinshina ta lumshe ido, ta ba ni ayaba, sauran motar kuma suka haƙura da mu har Mokwa, inda muka kwana.

Washegari da hantsi muka iso gadar Jebba. Ba iyakar ƙasa ba ce, amma a wurina iyaka ce, don ban taɓa tsallaka kogin Kwara ba. Ni da na saba da kogin da ke cika da damina ya ƙafe da rani, sai ga ruwa shimfiɗe ba ya ko gaggawa. Alhaji ya ce in yi bisimilla, na ce ai tun ɗazu nake yi. Kafin gadar akwai shingen masu bincike, wani matashi a cikinsu ya buɗe jakata ya ci karo da garin kuka. Ya juya ledar, ya dube ni, ya dubi koren garin. Alhaji ya ce masa miya ce, bai yarda ba. Ya buɗe leda ta biyu ya kai hanci da ƙarfinsa, ita kuwa yajin Inna ce. Bawan Allah ya yi ta atishawa har hularsa ta faɗi, hawaye shaɓe-shaɓe, da hannu ya yi mana alamar mu wuce. Muna kan gada ana ta dariya, har da waɗanda suka toshe mini hanci jiya.

Daga Ilori abubuwa suka fara sauyawa, ƙasa ta yi ja, itatuwa suka haɗe. Ibadan kuwa gari ne da ba ya ƙarewa, rufin kwano mai tsatsa iya ganinka, hawa da gangara. Alhaji ya sa ni a tasi da kansa, ya ja wa direban kunne da Yarbanci, ya ce mini, "Mutanen nan in suna magana za ki ɗauka faɗa suke yi. Ba faɗa ba ne, hira ce." Ban sake ganinsa ba, Allah ya saka masa da alheri.

A ɗakin kwanan ɗalibai aka haɗa ni da wata ƙatuwar mata mai fara'a, nas ce daga wajen Ogbomosho. Kafin in ajiye jaka ta rungume ni har ƙafata ta bar ƙasa. Da Turanci muke magana, ta ce, "Ni ce Mama Tobi. Ke Maman wa?" Ban gane ba. Ta ce, "Sunan ɗanki na fari. Da shi za mu riƙa kiran ki." Ashe a can girmamawa ce a kira mace da sunan ɗan farinta, a kasuwa, a coci, a masallaci, ko'ina. Abin da mu muke ɓoyewa su shi suke ɗaurawa a goshi. Na gyara mayafi, na duba ƙasa. Ta ɗauka ban taɓa haihuwa ba, fuskarta ta sauya, ta fara ba ni haƙuri tana cewa Allah zai kawo. Da na ga za ta yi mini kuka sai na ce da sauri, "Sadik." Sadik autana ne, ko makaranta bai shiga ba. Ta tafa hannu ta leƙa baranda ta sanar wa duk bene cewa Mama Sadik ta iso daga Kano. Sunan ya bi ni har malamai.

To, ga amsar mai kayan miya: e, baƙi ne. Amala suke ce masa, da garin busasshiyar doya ake tuƙa shi. Ranar farko na zauna ina kallon sa yana kallo na. Miyar kuwa da na ɗanɗana sai na ji lalo ce tsagwaronta, an dai canza mata suna an zuba mata jan barkono. Barkonon ne matsalar. Na ci loma uku hancina ya fara zuba, Mama Tobi tana buga mini baya tana cewa wannan ai na yara ne. Na rama ranar da na yi mata tuwon masara miyar kuka. Ta daɗe tana juya cokali kafin ta kai baki, daga baya sai ga shi ita ke tambayata yaushe za a sake yin koriyar miyar nan. Kafin in baro garin ni ke neman amala da kaina, kada dai ku gaya wa Inna.

Gaisuwarsu ta burge ni. Muna taƙama da gaisuwa, amma sun kama ƙafarmu. Kana zaune akwai sannu da zama, kana tsaye akwai tata, har kallon ruwan sama yana da gaisuwarsa. Mata su durƙusa kamar mu, maza kuwa su kwanta rub da ciki a gaban babba, ko da sabuwar riga ce. Ran da na fara ganin wani ƙaton likita ya zube a gaban wata tsohuwa mai sayar da ƙosai, na zabura zan taimaka, na ɗauka faɗuwa ya yi. Ashe gwaggonsa ce.

Karatun bai zo mini da sauƙi ba. Na daɗe rabona da aji, ga shi an dawo da ni kan lissafi, don dole ka iya gane ko cuta tana ƙaruwa a gari ko tana raguwa. Mun yi yadda cuta ke yaɗuwa, da tsaftar ruwa da muhalli, da abinci mai gina jiki, da lafiyar 'yan makaranta da ta ma'aikata, da yadda ake tsayawa a gaban jama'a a yi bayani su gane. A ajin kowa da hanyar da ya biyo. Akwai irina da Mama Tobi, da muka yi nas muka yi ungozoma muka yi aiki sannan muka dawo. A wurin koyon aiki kuma mun haɗu da 'yan jami'a masu yin digirin nas na shekara biyar, yara ƙanana masu kaifin kai, su a cikin karatun nasu ake haɗa musu da wannan fannin. Burin kowa ma daban. Wata koyarwa take so, wata asibitin kamfani, wata ofishin lafiya na ƙaramar hukuma, Mama Tobi kuwa ƙungiyoyin agaji take hari don ta ce tana son motar da ke da sanyi. Da aka tambaye ni na ce ni Lakwaya da Unguwar Tudu nake so in zagaya. Aka ce ina ne nan, na ce in kun zo kwa gani.

Babbar jarabawar ba a aji take ba. Can wajen ƙarshe aka kwashe mu zuwa wani ƙauye bayan garin Oyo, aka ba kowace ɗaliba gida guda. Za ki yi ta ziyartar gidan har ki san kowa da komai nasa, ki taimaka inda za ki iya, ranar ƙarshe kuma mai jarabawa ta bi ki har can ta ga aikinki da idonta. In mutanen gida suka ƙi karɓar ki ranar, to babu jarabawa, babu sakamako. Da yake akwai rugar Fulani a bayan ƙauyen kuma babu mai jin Hausa sai ni, aka ce Mama Sadik ga naki.

Ranar da na fara zuwa na yi sallama, aka amsa mini da irin muryar gida, sai da idona ya kawo ruwa. Tsohuwar gidan, Goggo Dije, da ta ji daga inda nake sai ta riƙe baki. Ashe mijinta marigayi daga wajen Kabo ya taso da shanunsa tun tana amarya. Ta tambaye ni ko har yanzu ana cin kasuwar kaza, ko rijiyar kaza tana nan, wasu na sani wasu ban sani ba. Aka dama mini fura da nono mai kyau, na sha har na manta jarabawa ce ta kawo ni.

An koya mana yadda ake shiga gida da jakar aiki. Ba a ajiye ta a ƙasa haka kawai, sai an shimfiɗa takarda mai tsabta, a ɗora ta, a wanke hannu, sannan a buɗe. Na shimfiɗa takardata yadda aka koya mini, na juya wanke hannu, ina waigowa na tarar wata akuya ta janye ta tana tauna, jakar tana kwance a turɓaya. Goggo ta yi dariya har da tari. Daga ranar faifai take ajiye mini, ta ce shi akuya ba ta cin sa da sauri.

Surukarta Hajjo ita ce mai yara, kyakkyawa mai kunya. Na tambaye ta yara nawa, ta ce biyu, ta nuna na goye da mai tatata. A jikin Goggo kuwa akwai wata 'yar yarinya da ba ta cika shekara biyar ba, kullum da ɗan kallabi ɗaure har kunne. Kallo ɗaya na yi na gane, don na ga yadda Hajjo ke kawar da kai duk lokacin da yarinyar ta gifta. Irin kawar da kaina ne sak. To me zan yi? Ni ma sai na kawar da nawa. A wurinmu rashin ta-ido ne ka tsare mace da tambayar ɗan farinta, balle a gaban uwar mijinta. Na auna yara biyu, na duba rigakafinsu, na yi maganar ruwa da gidan sauro, na kai rahoto makaranta cewa ƙananan yara biyu ne a gidan. Ban ji na yi wani kuskure ba, ladabi na ga na yi.

Ana saura kwanaki kaɗan jarabawa Mama Tobi ta ce za ta raka ni ta ga Fulanina. Muna zama ta jawo yarinyar jikinta tana yi mata wasa, kallabin ya zame. Kunnen hagu yana zubar da ruwa, har ya fara wari. Ta ɗaga hannun rigar yarinyar, babu tabon allurar da ake yi wa jarirai. Ta dubi Hajjo, ta dubi yarinyar, ta ga kama, sai ta ɗaga murya da Yarbanci, wanda duk gidan suna ji, tana nuna ta da yatsa: "Ke, wannan ba 'yarki ba ce? Ya sunanta? Me ya sa ba ki kai ta asibiti ba?" Hajjo ta ja mayafi ta rufe fuska ta shige bukka da gudu. Goggo ta janye jikarta, ta ɗauke faifan da jakata ke kai, ta ce rana ta yi, su suna da aiki.

A hanya Mama Tobi sai tambaya take me ta yi. Ni kuwa jikina ya yi sanyi ta ko'ina. Ga gidan jarabawata ya rufe, ga hutun karatun da ba a bayarwa sau biyu, ga tuwon Asabe da Malam ya yi ta ci. Abin da ya fi ci mini rai kuma, tambayar da ta yi ita ce daidai. Na yi ta zirga-zirga a gidan nan, yarinya tana gabana da ciwo, baƙuwa ce ta gani a zama ɗaya.

Washegari na koma ni kaɗai, ba yunifom ba jaka, atamfa ce da mayafi. Na tarar da Goggo tana kaɗa nono. Na durƙusa na gaishe ta, na tambayi shanu, na tambayi gajiya, na tambayi sanyin damina, tana amsawa a daƙile. Na zauna a ƙasa kusa da ita na ce, "Goggo, a yi haƙuri, na kawo baƙuwar da ba ta san gida ba."

Ta ce, "Ita ba ta sani ba. Ke fa?"

Na ce, "Na sani, Goggo. Ni ma ina da irinta a gida, tana wurin tsohuwata."

Sai a lokacin ta dube ni. Ta ce, "Ta girma?"

Na ce, "Ta zama budurwa. Ran da zan taho tana son ta tambaye ni wani abu, sai ta bi ta wurin ƙanwata."

Goggo ta yi murmushi ta ce, "Ai haka ake yi. 'Yar mutunci ke nan."

Na ce, "Haka ne. To ita ƙawar taki da kunne ke ciwo, ta wurin wa za ta bi?"

Hannunta ya tsaya a kan gorar. Ta ce, "Ni na ɗauka asibitin nan na masu goyo ne. Uwarta kuwa kin san ba za ta ɗauke ta a idon mutane ba." Ka ji inda yarinya ta faɗa, tsakanin kunyar uwa da zaton kaka, ba don wani ya ƙi ta ba. Na ce ai kaka ma tana kai yaro, kuma ni zan tsaya mata a layi. Ta ce jibi kasuwa, in ta kai nono sai mu biya. Muka biya kuwa, aka wanke kunnen aka ba da magani, aka fara mata rigakafin da ya dace da shekarunta.

Ranar jarabawa wata dattijuwa ce ta zo, Madam kawai muke ce mata, mai tabarau da igiya, an ce ba ta taɓa yi wa ɗaliba murmushi ba. Muna isa na hango faifai a ajiye a inda aka saba, sai na ji numfashina ya dawo. Na yi komai a tsanake, akuyar ma ranar an ɗaure ta. Madam ta ce, "Ƙananan yara nawa ne a gidan nan?" Na ce uku. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Da farko biyu kika ce." Na yi mata bayanin al'adar tun daga tushe, da Turanci kuma a hankali, don kada Hajjo ta tsargu. Na ce a irin wannan gida, in ka gama tambayar uwa, sai ka juya ka tambayi kaka nata yaran. Goggo ta turo jikarta gaba da kanta. An yi mata wanka, an yi mata sabon kitso mai kyau, kuma na san hannun Goggo da ke rawa ba shi ya yi wannan kitson ba.

Madam ta duba kunnen, ta ce, "A garinku akwai gidaje masu irin wannan yarinya?"

Na ce, "Da yawa, Madam. Har da nawa."

Ta cire tabarau ta dube ni sosai, ta ce, "To kin san aikin da ke jiran ki." Ba ta yi murmushi ba, kada in yi mata ƙarya. Da za mu tafi Goggo ta miƙo mini ɗan kwano da man shanu ta ce, "Wai in ji ta cikin ɗaki, a ba ki." Hajjo ba ta fito ba, amma na hango idonta ta jikin asabari.

Da sakamako ya fito na ci, kuma a aikin ziyarar gida na fi samun maki. Na yi sujada a tsakar ɗaki, Mama Tobi, wadda ita ma ta ci, tana rawa a kaina. A ranar na gaya mata gaskiya. Ta zauna daɓas a kan gado ta ce, "Kina nufin duk zaman nan da sunan auta nake kiran ki? Ita babbar ba ta da suna ne?" Ta rantse ba zan fita ɗakin ba sai na faɗa. Na faɗa mata can ƙasa-ƙasa kamar mai satar nama a tukunya. Ita kuwa ta fita baranda ta kwarara shi duk bene ya ji. Na jira in ji kunya ta kashe ni, sai na ji wani irin daɗi.

Dawowa ba ta da labari, sai ɗoki. Na tsallako Kwara ba wanda ya taɓa mini jaka, na wuce kwanar Kabo ina ɗaga wa masu shayi hannu kamar sun san daga inda nake. Da la'asar muka shigo tashar Gwarzo. Malam yana nan ya rame kaɗan, Asabe na ce masa ai azumin nafila ne ya yi yawa. Sadik ya maƙale mini a ƙafa. Har Inna ta zo daga Lakwaya da sandarta. 'Yar Inna kuwa tana can baya inda ta saba tsayawa, ta zagayo a hankali ta sunkuya za ta ɗauki jaka, ba ta dube ni ba.

Na ji Asabe ta matso kusa da ni, tana jiran saƙon da zan ba ta.

Na ce, "Safiyya, bar jakar nan, zo in gan ki."

Yarinya ta waiga bayanta tana neman wata Safiyyar. Inna ta riƙe haɓa ta ce, "La'ilaha illallahu! Rabi, Yarbawa sun cinye miki kunya da barkono." Asabe ta rangaɗa guɗa a tsakiyar tasha, Malam ya juya yana gyara hular da babu abin da ya same ta. Na kama hannun Safiyya na ce, "An ce kina da tambaya."

Jakar dai ba ta bari ba, ta ɗora ta a ka. Amma maimakon ta bi bayanmu sai ta jero da ni. Muka ɗan yi tafiya, sannan ta ce, "Wai in mutum ya samu kiredit ɗin, makarantar nas ta fi ko jami'a?"

Tun daga tasha har ƙofar gida ita ke tambaya ni ke amsawa, babu Asabe a tsakani.